Amanar Rai a Cikin Jirgin Shawagi

Daga cikin sana'o'in da zamani ya zo da su, waɗanda kakanninmu ba su san da su ba, akwai wata da ta bunƙasa ƙwarai a ƙasashen da baƙi ke tururuwa don kallon abubuwan al'ajabi, ita ce ɗaukar mutane a jirgi mai saukar ungulu, wanda wasu ke kira helikwafta, a tashi da su na minti goma sha biyar ko rabin sa'a, a zagaya da su bisa wani birni ko kwazazzabo ko tsibiri, su ba idanunsu abinci, su ɗauki hotuna, sa'an nan a komo da su daidai inda aka ɗauke su. Ana yin wannan a birnin New York, ana yi bisa babban kwazazzabon nan na Grand Canyon da tsibiran Hawai, duk a ƙasar Amurka. Ana yi a Ostareliya da New Zealand. A nahiyarmu ma ana yi bisa magangarar ruwa ta Victoria da ke tsakanin Zambiya da Zimbabwe. Kuma duk wanda fatauci ko hutu ya taɓa kai shi Dubai, da wuya a ce bai ga tallar irin wannan shawagi ba.

Wanda ya biya kuɗinsa ya shiga irin wannan jirgi, galibi yana shiga ne da wani zato a ransa wanda bai taɓa furtawa ba, balle ya bincika: yana tsammanin cewa dokokin da suka tsare shi a cikin babban jirgin da ya kawo shi ƙasar, su ne dai ke tsaronsa a cikin wannan ƙaramin. Wannan zato kuwa sau da yawa kuskure ne. A Amurka, inda sana'ar ta fi girma, kuma inda ake bayyana sakamakon binciken haɗari a fili har kowa ya karanta, dokar sufurin sama hawa-hawa ce. Manyan kamfanonin fasinja suna ƙarƙashin sashe na 121, wanda ya fi kowanne tsanani. Ƙananan jiragen shata suna ƙarƙashin sashe na 135, wanda ya wajabta jarrabawar matuƙa lokaci-lokaci, da ƙayyade sa'o'in aikinsu da na hutunsu, da tsarin gyaran jirgi da hukuma ta amince da shi. Amma an yi wani rangwame: wanda zai tashi da masu kallo ya komo da su wuri ɗaya ba tare da ya yada zango ba, kuma bai wuce mil 25 daga inda ya tashi ba, wato kamar kilomita 40, yana iya yin aikinsa ƙarƙashin sashe na 91, wanda asali don masu tuƙa jiragen kansu aka tsara shi, in dai ya sami takardar izini daga hukumar kula da sufurin sama, wadda ake kira FAA. Fasinja ba ya ganin wannan bambanci a jikin tikitinsa, fentin jiragen ma iri ɗaya ne, alhali kuwa ratar da ke tsakanin sassan nan tana da faɗi.

Babu abin da ya fito da wannan mas'ala sarari kamar abin da ya auku a New York ranar 11 ga Maris, 2018, kuma ya kamata a tsaya a kansa a tsanake, domin kusan dukan illolin sana'ar sun taru a cikinsa. Da yammacin ranar, wani jirgi ƙirar AS350 na kamfanin Liberty Helicopters, wanda wani kamfani mai suna FlyNYON ya yi shatarsa, ya tashi daga garin Kearny da ke jihar New Jersey da matuƙi ɗaya da fasinja biyar, dukansu matasa. An cire ƙofofin jirgin da gangan, domin abin da kamfanin ke sayarwa ke nan: mutum ya zauna a bakin ƙofa, ya sako ƙafafunsa waje, ya ɗauki hoton takalmansa suna reto bisa dogayen benayen birnin. Don kada wani ya faɗo, sai aka sanya wa kowane fasinja wata ɗamara ta musamman, irin wadda masu hawa turakun lantarki ke ɗaurawa, mai kama kafaɗu da cinyoyi, aka ƙulla mata igiya daga tsakiyar baya zuwa jikin jirgin, da ƙugiya mai kulle wadda sai an murɗa ta take buɗewa. Wato dai an ɗaure mutum ta wurin da hannunsa ba ya kaiwa. Abin da aka tanadar masa na kuɓuta shi ne wata 'yar wuƙa da aka maƙala a jikin ɗamarar, aka kuma nuna masa a wani gajeren fim kafin tashi cewa da ita zai yanke igiyar in wani abu ya faru.

Suna cikin shawagi, fasinjan da ke kujerar gaba ya juya ya kishingiɗa baya don ya ɗauki hoto, sai wutsiyar igiyarsa ta sarƙe wata liba da ke daɓen jirgin, wadda aikinta shi ne tsinke mai daga inji lokacin gobara. Da ya ɗago, igiyar ta ja libar, inji ya mutu. Mutuwar inji a jirgi mai saukar ungulu ba ita ce ƙarshen zance ba, domin iskar da ke bugo farfela daga ƙasa yayin da jirgin ke gangarowa tana ci gaba da juya ta, kuma kowane matuƙi an koya masa yadda zai yi amfani da wannan juyi ya sauka a hankali. Matuƙin nan ya yi abin da aka koya masa, ya nufi kogin East River, ya ja hannun da ke hura jakunkunan iska da aka ɗaura a ƙafafun jirgin don su riƙe shi bisa ruwa, ya kuwa sauka ba tare da wani ya ji mummunan rauni ba. Sai dai jakunkunan ba su cika daidai ba, na gefe ɗaya suka fi na ɗaya gefen iska, jirgin ya karkata, kuma cikin daƙiƙa goma sha ɗaya da taɓa ruwa ya kife gaba ɗaya. Matuƙin, da yake bel ɗin kujera kawai ya ɗaura, ya ɓalle shi ya fito. Fasinjojin nan biyar kuwa, cikin duhu da ruwa mai sanyin ƙanƙara, kawunansu a ƙasa, babu ko ɗaya da ya iya kwance kansa. Sai da masu ninƙaya suka nutsa suka yanke igiyoyin kafin aka fito da su, kuma dukansu sun riga mu gidan gaskiya, ba don faɗuwar jirgi ba, sai don ruwan da suka sha a ɗaure.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar da rahotonta a Disamba 2019, kuma abin da ke cikinsa ya fi labarin haɗarin kansa tayar da hankali. An gano cewa tun kafin ranar, wasu daga cikin matuƙan sun yi ta kai kuka game da ɗamarar da wuƙar, suna cewa ba za su fisshe kowa ba, amma shugabannin ba su ba maganarsu muhimmancin da ya kamata ba. An gwada wuƙar bisa irin igiyar, aka tarar yankewa da ita aiki ne mai wuyar gaske ko ga wanda ke tsaye bisa ƙasa hankalinsa a kwance. Sa'an nan aka gano hilar da aka yi wa doka: akwai wani sassauci da aka yi domin ƙwararrun masu ɗaukar hoto daga sama, irin 'yan jarida da masu safiyo da masu shirya fim, waɗanda suka san haɗarin aikinsu, sai kamfanin ya riƙa kiran shawaginsa aikin ɗaukar hoto, yana kaffa-kaffa da kalmar yawon buɗe ido, domin ya kauce wa ƙa'idojin da aka ɗora wa masu ɗaukar 'yan kallo. Ta haka ne mutumin da ya sayi tikiti ta intanet, ba shi da komai sai wayar hannunsa, ya zama mai ɗaukar hoto a idon doka. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanin irin wannan, inda mutum zai cika zahirin hukunci ya kashe maƙasudinsa, kuma ba su taɓa ganin wannan ya sauke wa mai shi nauyi ba. Bayan haɗarin da 'yan kwanaki FAA ta hana tashi ba ƙofa da duk wata ɗamara da fasinja ba zai iya kwancewa nan take ba, kuma a 2024 wata kotu a New York ta yanke diyyar dala miliyan 116 ga iyalan ɗaya daga cikin mamatan. Ni dai a ganina, abin takaicin shi ne babu wani ilmi sabo da ake buƙata kafin a gane cewa wanda aka ɗaure ta baya ba zai kwance kansa a cikin ruwa ba. An san haka, an kuma faɗa, aka ci gaba da sayar da tikiti.

Wata guda kacal kafin wannan haɗari na New York, ranar 10 ga Fabrairu, 2018, wani jirgin kamfanin Papillon ƙirar EC130 ya tashi daga Boulder City ta jihar Nevada da Turawan Ingila shida, ya nufi wani masauki a cikin Grand Canyon. Yana dab da sauka iska mai ƙarfi ta bugo shi ta baya, ya shiga juyawa, ya faɗi cikin duwatsu, tankin mai ya fashe, wuta ta kama. Uku sun mutu nan take, biyu kuma suka cika daga baya a asibiti saboda ƙuna. A nan ma akwai wani giɓi na doka da ya kamata mai karatu ya sani. Tun 1994 aka wajabta cewa jirage masu saukar ungulu su kasance da tankin mai da ba ya fashewa da sauƙi, mai rufin roba daga ciki da bututun da ke toshe kansa in ya tsinke. Amma wajabcin ya hau kan sababbin ƙira ne kawai, saboda haka masana'anta suka ci gaba da ƙera jirage sababbi ful bisa tsohon zane, da tsohon tanki, shekara da shekaru, kuma duk halal ne a wurin doka. Sai bayan wannan gobara majalisar dokokin Amurka ta zartar a 2018 cewa duk jirgin da za a ƙera daga 2020 sai da irin wannan tanki, kamfanin Papillon kuma ya sauya tankunan jiragensa. Tsofaffin jiragen da ke hannun sauran kamfanoni kuwa, sauya musu tanki ya zama mustahabbi, wanda ya ga dama ya yi.

Wani lokacin kuma sababin ƙanƙane ne har mutum ya yi mamaki. A Disamba 2011 wani jirgin kamfanin Sundance ya faɗi kusa da tafkin Mead, gabas da Las Vegas, mutum biyar suka halaka, kuma bincike ya kai ga wani noti guda ɗaya a cikin na'urar da ke sarrafa babbar farfela: an sake ɗaura tsoho wanda ya riga ya saki, fil ɗin da ke hana shi warwarewa kuma ko dai ba a sa shi ba ko ba a sa shi daidai ba, ga shi bakaniken da ya yi aikin da wanda ya duba bayansa dukansu a gajiye suke saboda sauyin lokacin aiki da aka yi musu.

Amma babban abin da ya fi cin rayuka a wannan sana'a shi ne yanayi. Yawancin jiragen shawagi da ido ake tuƙa su, wato matuƙi yana duban ƙasa da sararin sama ya san inda ya dosa. Idan ya kutsa cikin girgije ko hazo ko duhun da babu fitila, jikinsa yakan yaudare shi, ya ji kamar yana tafiya daidai alhali jirgin ya karkata yana gangarawa, kuma wannan ruɗu ba ya jin kunyar tsohon hannu. Ranar 26 ga Disamba, 2019, a tsibirin Kauai na Hawai, babban matuƙin kamfanin Safari, dattijo mai shekara 69 wanda ya san duwatsun nan kamar tafin hannunsa, ya shiga cikin ruwa da hazo da fasinja shida, ya yi karo da dutse, babu wanda ya tsira. A rahotonta na 2022, NTSB ba ta tsaya ga matuƙin kaɗai ba, ta ɗora wa FAA laifin jinkiri, domin tun 2013 ta ba ta shawarar kafa kyamarori a mashigan duwatsun Hawai, kamar yadda aka yi a Alaska, don matuƙi ya ga halin da hanya ke ciki tun yana ƙasa. Mu ma a Nijeriya mun ɗanɗana ɗacin wannan, ko da yake jirgin shata ne ba na shawagi ba: a Fabrairu 2024 shugaban bankin Access, Herbert Wigwe, da matarsa da ɗansa da wani fasinja mai suna Abimbola Ogunbanjo da matuƙa biyu suka rasu a hamadar Kalifoniya, cikin dare da ruwan sama, a kan hanyarsu ta zuwa Boulder City ɗin nan da aka ambata, kuma binciken ya nuna matuƙin ya ci gaba da tafiya cikin yanayin da ido ba ya gani, ga na'urar auna nisa daga ƙasa ba ta aiki, an kuwa san da haka kafin a ɗauke su.

Me ke sa gwani ya kutsa inda ya san bai kamata ba? Amsar tana cikin yadda kuɗi ke shigowa. Jirgin da ke ajiye ba ya kawo ko kwabo, baƙon da aka mayar wa kuɗinsa yau gobe ya bar gari, matuƙi kuma ya san idon mai gida na kansa, ga fasinjoji sun zo daga nesa suna ɗoki. Ba sai an ce masa tashi ba. Shirun da za a yi masa in ya ƙi tashi ya isa. Saboda haka ne masana ke cewa kamfanin kirki shi ne wanda matuƙinsa zai ce yau ba za a tashi ba, ko ya juyo daga rabin hanya, kuma albashinsa da mutuncinsa su zauna yadda suke. Wannan ne ma ya sa a 2024 FAA ta wajabta wa masu jiragen shata da na shawagi su kafa tsari rubutacce na gano haɗari tun kafin ya auku, da hanyar da ma'aikaci zai kai ƙorafi ba tare da tsoron kora ba, abin da manyan kamfanonin fasinja suka daɗe da yi.

Akwai kuma cunkoso, domin wurin da ya yi kyaun kallo kowa can yake nufa. A Yuni 1986 jirgi mai saukar ungulu da wani ƙaramin jirgin 'yan kallo suka yi karo a cikin Grand Canyon, mutum 25 suka mutu, daga nan aka shata wa jirage hanyoyi da tsayin da kowane iri zai bi. A Agusta 2009 aka yi irinsa bisa kogin Hudson da ke gefen birnin New York, mutum tara suka rasu, biyar daga cikinsu baƙi ne daga Italiya. A Janairu 2023 kuma, a Gold Coast ta Ostareliya, jirage biyu na kamfani ɗaya, ɗaya na tashi ɗaya na sauka, suka haɗu, mutum huɗu suka mutu; masu bincike suka tarar, ban da matsalar rediyo, cewa fasinjoji da dama ba a ɗaura musu bel daidai ba, saboda jakar rigar ruwa da aka ɗaura musu a ƙugu ta hana shi zama inda ya kamata.

Sa ido a kan masu ɗaukar rayukan jama'a don kuɗi ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi. Ibn Abdun, wanda ya rubuta littafi a kan hisba a birnin Ishbiliya ta Andalus wajen farkon ƙarni na 12, ya yi magana a kan masu fito a kogin garin, cewa a hana su cika jirgi fiye da kima, musamman ranar da ake iska. Hikimar a bayyane take: fasinja ba shi da ilmin da zai auna jirgi ko ya karanta sama, ya miƙa wuyansa ne kawai, saboda haka wajibi ne a sami wani mai ilmi da iko da zai tsaya a madadinsa. Inda muhtasibi, wato mai sa idon, ya yi gafala, ko aka ba shi kamfanoni fiye da yadda zai iya zagayawa, sai takarda ta cika amma jirgi bai gyaru ba. Haka aka gani a New Zealand bayan da mutum bakwai suka mutu bisa ƙanƙarar Fox a Nuwamba 2015, inda masu bincike suka ce hukumar ƙasar ta riga ta ga kurakurai a horon matuƙan kamfanin, amma ta bar shi ya ci gaba da aiki.

Duk da haka fasinja bai rasa abin yi ba, kuma tawakkali bai hana riƙo da sababi. Yana da haƙƙin ya tambayi ƙarƙashin wane lasisi kamfani ke aiki, ko tankin jirgin irin wanda ba ya fashewa ne, ko akwai jakunkunan iska in za a bi ta kan ruwa. Kamfanin da ya ji haushin tambaya ya riga ya ba da amsa. In an tambaye shi nauyinsa ya faɗi gaskiya, domin da shi ake lissafin inda kowa zai zauna. In ya zauna, ya ɗaura bel ya ɓalle shi da hannunsa, ya rufe ido ya sake ɓallewa, ya san inda hannun ƙofa yake, kuma kada ya yarda a ɗaure shi da abin da shi kansa ba zai iya kwancewa da hannu ɗaya ba. Rigar ruwa ba a hura ta sai an fita daga jirgi, don wanda ya hura ta a ciki za ta manne shi da rufin jirgin da ya kife. Mai babbar riga da hula da mai mayafi su kula ƙwarai, domin iskar farfela tana fizge tufa, kuma ƙyalle guda in ya shiga ƙaramar farfelar wutsiya ya isa ya kayar da jirgi. Ita wannan farfela ba a ganinta in tana juyawa, shi ya sa ba a zagayawa ta bayan jirgi ko kusa. Mafi muhimmanci kuma, in matuƙi ya ce sama ba ta yi ba, kada a roƙe shi, kada a nuna masa ɓacin rai.

Ranar 10 ga Afrilu, 2025, wani jirgi ƙirar Bell 206 na kamfanin New York Helicopter ya tarwatse a sama bisa kogin Hudson, farfelarsa ta rabu da gangar jikinsa, matuƙi da wani magidanci ɗan ƙasar Sifen da matarsa da 'ya'yansu uku suka rasu. Da jami'in da ke kula da ayyukan kamfanin ya amince wa hukuma cewa za su dakatar da tashi, ba a yi minti ashirin ba mai kamfanin ya sallame shi daga aiki, abin da ya sa FAA ta hana kamfanin tashi da ƙarfin doka. Jirgin ba shi da baƙin akwati ko wata na'urar naɗar bayanai, domin doka ba ta wajabta wa irinsa ba, ko da yake NTSB ta shafe shekaru tana roƙon a wajabta. Saboda haka masu bincike suka dogara ga tarkacen da masu ninƙaya suka tsamo daga ƙarƙashin kogi, da takardun gyaran jirgin, da hotunan bidiyo da mutanen da ke bakin gaɓa suka ɗauka da wayoyinsu.